Shafi 180 na rubutun Baba a hoto: yaya zan mayar da su rubutun da ake iya gyarawa?

Maman Zara: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani rubutu da ya buga da tafireta, shafi 180, yawancinsa da Hausa, wasu wuraren da Turanci. Takardun sun fara cinyewa ta gefe. Ƙanena ya ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya ya turo mini ta WhatsApp. So nake in samu rubutun a Word, in tsara shi, mu buga wa jikokinsa. Na fara bugawa da hannu, yau kwana huɗu ina shafi na 11, wuyana duk ya riƙe. An ce mini waya tana iya karanta hoto ta fito da rubutun da ke ciki. Da gaske ne? In haka ne wace hanya ta fi?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Allah ya jiƙan Baba. Ai kin sha wahalar banza. Buɗe hoton, ki danna alamar Google Lens, ki zaɓi rubutun duka, ki kwafe, ki liƙa a Word. In iPhone ce ma ba sai kin nemi komai ba, tun daga iOS 15 kina ɗora yatsa a kan rubutun cikin hoto zai zaɓu. Kafin rana ta faɗi kin gama.

Mai Bita: Kafin rana ta faɗi, ko? Ɗan Auta, ka taɓa gwada shi a kan bugun tafireta na Hausa, ko dai lambar waya ka saba kwafowa daga jikin allon talla?

Ɗan Auta: Kawu ai duk rubutu ne.

Mai Bita: Shekara 22 ina gyaran rubutu kafin a kai ɗab'i. Ba duk rubutu ne ɗaya ba. Maman Zara, gwada shafi ɗaya kawai yadda ya ce, ki liƙo mana abin da ya fito, mu gani da idonmu.

Maman Zara: To ga shi, daga shafi na 12. A takarda Baba ya rubuta: "Ƙasar da ba ta da ruwa, ƙura ce ke mulkinta, kuma ɗan da aka haifa a cikinta baƙo ne." Abin da ya fito kuwa: "Rasar da ba ta da ruwa, kura ce ke rnulkinta, kuma dan da aka haifa a cikinta bako ne." Na yi dariya na kuma yi ƙwalla. Baba dai bai taɓa naɗa kura sarauta ba.

Ɗan Auta: Kash. Amma ai kusan duka ya samu.

Mai Bita: "Kusan" ɗin nan shi ne aikin gaba ɗaya.

Injiniya: Barkanku da warhaka. Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don in an gane shi gyaran zai zo da sauƙi. Sunan fasahar OCR, wato gane haruffa daga hoto. A wurin kwamfuta hoto ba rubutu ba ne, tarin ɗigogi ne masu haske da duhu. Manhajar sai ta fara da raba baƙi da fari, ta miƙar da shafin in ya karkace, ta nemo inda layuka suke, sannan ta bi kowane layi tana hasashen wane harafi ne wannan siffar. Na zamanin da harafi-harafi suke yanka suna kwatantawa da wanda aka koya musu. Na yanzu layin gaba ɗaya suke karantawa, kuma suna jingina da abin da suka sani na harshen. Kuskuren da Hajiya ta samu iri biyu ne, kada a haɗa su. Wancan "rnulkinta" matsalar hoto ce: ƙafar m ta farko ta ɗan rabu da sauran, sai ta zama r da n. 'Yan'uwansa su ne 1 da l da I, sifili da O, 5 da S, 8 da B, sai c da l da suke haɗuwa su zama d. Wannan in hoto ya yi kyau yana raguwa sosai. Na biyun kuwa, ƙura da ta koma kura, matsalar ilimi ce. In ba a koya wa manhaja cewa akwai harafin ƙ a duniya ba, dole ta ba ki wanda ya fi kama da shi cikin waɗanda ta sani.

Maman Zara: To ita babbar Ƙ me ya sa ta zama R?

Injiniya: Duba takardar da kyau Hajiya. Ƙugiyar tana cikin bugun ne, ko da biro aka ƙara ta?

Maman Zara: Ikon Allah, da biro ne! Tafiretarsa ba ta da haruffan, sai ya bi bayan bugu yana lanƙwasa kowanne da hannu. Har launin tawadar ya bambanta, shuɗi ne. Ban taɓa lura ba sai yanzu.

Injiniya: To shi ke nan. K da aka lanƙwasa mata kai ta sama har ya kusa rufewa, ai R ce a idon na'ura.

Mai Bita: Allah ya jiƙan mazan jiya. Mutum ya bi shafi 180 da biro yana sa ƙugiya, mu kuma da waya a hannu muna rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, mu bar mai karatu da canka.

Injiniya: Kafin a je ga ƙugiya akwai babbar matsala tun daga tushe. Kin ce ta WhatsApp aka turo hotunan. In an tura hoto a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta rage girmansa don ya yi saurin tafiya. Fuskar mutum ba ta damu da wannan ba, amma ƙananan haruffa gefensu yake narkewa. Ki ce wa ƙanenki ya sake turowa a matsayin fayil, wato ta wurin da ake tura takardu, ko ya ɗora su a Google Drive. In kuwa akwai sikana a kusa, ita ta fi. A saita ta a ɗigo 300 a kowane inci, wannan shi ne ma'aunin da aka saba da shi a aikin OCR. In haruffan ƙanana ne a kai 400. A zaɓi launin toka-toka, kada a zaɓi baƙi da fari zalla, domin bugun tafireta ba ya fita daidai: wani harafin ya sha tawada, wani kuma da ƙyar ya taɓa takarda, baƙi da fari zalla sai ya share masu rauni.

Sakatariya: In ƙara da abin da na koya a ofis. In da waya za a ɗauka, a shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga, a kashe fitilar kyamara, wayar ta tsaya saitin tsakiyar takardar ba a karkace ba, kuma a lura da inuwar hannu. A goge gilashin kyamarar da gefen riga tukuna, rabin hazon da muke gani maiƙon yatsa ne. Sannan in takardar shara-shara ce, irin ta tafireta mai nuna rubutun shafin da ke ƙarƙashinta, a sa baƙar takarda a bayanta. Za ki ga rubutun baya ya ɓace kamar an yi sihiri.

Maman Zara: Shara-shara ce kuwa, kuma a ɗaure ya ɗauke su, rubutun shafin gaba yana leƙowa. Na gode Yaya.

Sakatariya: Kuma maimakon Lens shafi-shafi, ki ɗora a Drive, ki danna dama a kan fayil ɗin, ki zaɓi buɗe shi da Google Docs. Zai buɗe miki rubutun a shirye don gyara. Sai dai kada ki haɗa duka 180 a fayil guda, su kansu sun ce fayil kada ya wuce megabait 2. Ki rarraba. Kuma ki cire rai da tsari: jadawali da rubutu mai rukuni biyu yakan cakuɗe, ya ɗauko rabin layin hagu ya manna da na dama.

Ɗan Auta: Duk wannan doguwar hanya ce wallahi. Muna zamanin ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT da Gemini duk suna karanta hoto, kuma suna jin Hausa. Ki ba su shafin ki ce su rubuto miki da ƙugiyoyi daidai. Su ai sun san ƙura ce ke tashi a ƙasar da ba ruwa, ba kura ba. Matsalar da Injiniya ya kira ta ilimi ta kau.

Injiniya: A nan yana da gaskiya, ba zan ƙi ba. Wajen mayar da ƙugiya sun fi tsofaffin manhajoji nesa ba kusa ba, saboda ma'anar jimla suke bi.

Mai Bita: Ni kuma abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ku saurare ni da kyau. Da Maman Zara ta ga "rnulkinta", nan take ta san an yi kuskure, ko yaro ɗan aji uku zai gani. Kuskure ne mai ihu, yana kiranka daga nesa. Wanda ya san harshe kuwa, in ya kasa karanta kalma ba ya tsayawa, sai ya sa wadda ta dace da wurin. Jimla ta fito sumul, nahawu daidai, ƙugiya daidai, amma ba abin da marubucin ya rubuta ba ne. Ta yaya za ki kama shi? Babu alama. Na taɓa karɓar wani rahoto da aka ciro daga tsofaffin takardu da irin waɗannan manhajojin, ba zan faɗi wurin ba. Na karanta shafi takwas ina yaba tsabtarsa. Sai da na ɗauko asalin don duba sunan wani mutum na ga inda aka rubuta "ba a amince ba" ya koma "an amince". Tambarin ofis ne ya hau kan "ba" ta farko, manhajar ta ga ragowar ba ta daidaita ba, sai ta gyara mata zama. Saura ƙiris a buga shi haka.

Ɗan Auta: Kawu wannan sau ɗaya ne cikin dubu.

Mai Bita: To mu yi lissafi, ba na son gardamar baki. Shafin tafireta a ce yana da harafi 1,800. A ce manhajar ta samu 98 cikin 100, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne a kan tsohuwar takarda. Kuskure 36 ke nan a shafi. Sau 180, ya zama 6,480. Ko ka kai ta 99 da rabi cikin 100, har yanzu 9 ne a kowane shafi. Cikin taran nan guda ɗaya ta faɗa kan shekara ko sunan mutum, ta isa.

Injiniya: Kawu ya tuna mini da abin da ya faru a 2013. Wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan sikanin na Xerox suna sauya lambobi a takardun da aka ɗauka. Zanen gini ne aka yi wa sikanin, sai ya ga girman wani ɗaki ya koma na wani ɗakin, a wasu jadawalan kuma 6 ta zama 8. Ba ma OCR ba ne, hanyar matse hoto ce mai suna JBIG2: in ta ga siffofi biyu sun yi kama, sai ta ajiye ɗaya ta riƙa manna ta a gurbin ɗayar don rage girman fayil. Abin da ya sa aka daɗe ba a gano ba shi ne lambar ƙaryar tana fita tsaf, ta fi ta gaskiyar ma kyau. Daga baya kamfanin ya fitar da gyara.

Ɗan Auta: To in haka ne a koma bugun hannu ke nan? Anti ta shekara tana bugawa?

Mai Bita: Wa ya ce haka? Mai bugun hannu ma yana kuskure, har ya tsallake layi guda bai sani ba. Cewa na yi a yi amfani da na'ura, amma a ɗauki abin da ta bayar a matsayin zubin farko. Gyaran shafin da aka riga aka ciro ya fi buga shi daga farko sauri, ko ni ban musa ba.

Malam Tarihi: Salamu alaikum, na shigo a makare. Ina jin Ɗan Auta yana ta "zamani, zamani", sai ka ce jiya aka fara. Tun 1929 wani ɗan Ostiriya, Gustav Tauschek, ya samu rajistar mallakar wata na'urar karanta haruffa a Jamus. A farkon shekarun 1950 David Shepard a Amurka ya ƙera tasa mai suna Gismo. Da na'urorin suka riƙa shan wahala da haruffan mutane, sai aka juya lamarin, aka zana haruffan da za su yi wa na'ura sauƙi: OCR-A da OCR-B, duk a 1968, na biyun Adrian Frutiger ne ya zana shi. Duk mai fasfo ya buɗe shafin hotonsa ya dubi layuka biyun nan na ƙasa masu cike da alamar <. Da OCR-B aka buga su.

Ɗan Auta: Malam ya zo da allo. Anti dai Word take nema.

Malam Tarihi: Bari in ƙarasa, akwai wanda ya shafe ka. Ka tuna lokacin da shafukan intanet ke nuna maka karkatattun kalmomi biyu su ce ka buga don a tabbatar kai mutum ne? Sunansa reCAPTCHA, Luis von Ahn da abokan aikinsa suka fito da shi a jami'ar Carnegie Mellon a 2007, Google ya saye shi a 2009. Ɗaya daga cikin kalmomin biyu an ciro ta ne daga tsohon littafi ko jarida inda OCR ya gaza. Kai kana sauri ka shiga shafi, ashe kana yi musu bita kyauta. Da haka aka gyara tsofaffin fitowar jaridar New York Times. Ka ga ke nan su ma masu na'urar da kansu sai da suka nemo idon mutum.

Mai Bita: Malam, yau ka biya ni.

Garkuwa: Ni dai ina sauraren ku ta manhajar da ke karanta mini allo, domin ba na gani. Ku kuna neman OCR don ku huta da bugu, ni da shi nake karanta takardar da aka miƙo mini da rubutun jikin kwalin magani. Malam bai faɗi wanda ya fi mini muhimmanci ba: Ray Kurzweil, wanda a 1976 ya fito da na'urar da ke karanta wa makafi littafi da murya. Yau Seeing AI na Microsoft da Lookout na Google suna yin wannan a waya. Amma maganar Kawu Mai Bita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya fiye da kowa a nan, don ni ba ni da damar ɗauko asali in duba. In muryar ta yi tuntuɓe ta faɗi shirme, na san in sake ɗaukar hoton. In ta karanto sumul, sai in yarda. Shi ya sa a kan adadin magani ba na tsayawa a karatu ɗaya, sai na ɗauka sau biyu ko uku, ko in sa wani ya duba mini. Roƙona gare ki Maman Zara: in kin gama kada ki raba shi a hoto, ki raba rubutun, mu ma mu ji abin da Baba ya rubuta.

Maman Zara: In sha Allahu Yaya Garkuwa. Ke ce ta farko da zan tura wa.

Lauya: Gargaɗi ɗaya kafin kowa ya ruga. In ka nemi OCR kyauta a intanet shafuka ne birjik, kowanne yana cewa ɗoro fayil ɗinka. Duk abin da ka ɗora ya bar hannunka ya sauka a kwamfutar wani da ba ka sani ba. Rubutun tarihi da za a buga a raba, da sauƙi. Amma na ga masu ɗora katin shaida, takardar banki, sakamakon asibiti, har takardun sirrin wurin aiki. Ku karanta sharuɗɗansu kan tsawon lokacin da suke riƙe fayil, in ba su faɗa ba ku fita. Hajiya, in akwai shafukan da suka ambaci sirrin iyali, ware su.

Injiniya: Ga masu irin wannan takardun akwai wanda ba ya fita daga na'urarka. Na iPhone a cikin wayar yake aikinsa. A Windows akwai Text Extractor cikin PowerToys. Sai kuma Tesseract, wanda kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet. Kamfanin HP ne ya fara shi tsakanin 1985 da tsakiyar shekarun 1990, aka sake shi ga kowa a 2005, Google ya ɗauki nauyinsa daga 2006, a 2018 fitowa ta 4 ta koma karanta layi gaba ɗaya. Yana da harsuna sama da 100. Sai dai a jerin da na sauke na ga Yarbanci da Swahili da Amharik, ban ga Hausa ba. In ka ba shi Hausa da fayil ɗin Turanci zai karanta, amma ƙugiya sai dai ka bi ta da kanka, ko ka zauna ka horar da shi da layukan da ka gyara da hannu.

Maman Zara: Injiniya wannan ya fi ƙarfina. Ni dai a faɗa mini yadda zan mayar da ƙugiyoyin ba tare da na bi su ɗaya-ɗaya ba.

Mai Bita: Wannan fagena ne. A Word akwai nemo-ka-sauya, Ctrl da H. Ki kasa kalmomin gida biyu. Gidan farko waɗanda ba su da tagwai, duk inda suka fito da ƙugiya suke: daya zuwa ɗaya, hudu zuwa huɗu, wadannan zuwa waɗannan, karkashin zuwa ƙarƙashin, bangare zuwa ɓangare, dauka zuwa ɗauka. Waɗannan ki sauya duka a bugu ɗaya, amma ki kunna zaɓin cikakkiyar kalma kawai, in ba haka ba zai shiga cikin wasu kalmomin ya yi ɓarna. Gida na biyu su ne masu tagwai, kuma a nan ne hannu ke ƙaiƙayi: kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, kara da ƙara, baki da baƙi, fada da faɗa, kare da ƙare, bata da ɓata, haka da haƙa. Kada ki kuskura ki danna sauya duka. Wani yaro da na koya wa aiki ya yi haka da "baki", aka wayi gari mutumin cikin labarin ya buɗe baƙi ya yi magana. Waɗannan ki riƙa danna na gaba, kina duba jimlar, kina yanke hukunci.

Sakatariya: Kuma ki sa Hausa a Gboard in a waya kike gyara, haruffan suna nan. A kwamfuta ki tabbatar salon harafin da kika zaɓa yana da su, don wasu in kin sa ƙ sai su aro ta daga wani salon, ta fito ta yi tsuru a tsakiyar kalma, ko ta zama akwati.

Maman Zara: Wata tambayar. A gefen wasu shafukan Baba ya yi ƙarin bayani da hannu, da ajami. Su ma za su karantu?

Injiniya: A nan kam ki sauke buri. Larabcin ɗab'i manhajoji suna ƙoƙari da shi. Ajamin hannu kuwa abu uku ne suka haɗu: rubutun hannu ne, ga wasulla a sama da ƙasa, ga salon Magaribi inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Manhajar da ta saba da bugun Gabas za ta karanta ƙaf ɗin a matsayin fa, sannan ta yi ta ƙoƙarin mayar da Hausar Larabci. Masu bincike suna amfani da irin su Transkribus da eScriptorium, amma sai ka fara kwafe shafuka masu yawa da hannunka ka koya musu hannun marubucin. Don 'yan layukan gefe bai cancanci wahalar ba. Ki nemi wanda ya iya karantawa ya karanta miki, ki buga.

Mai Bita: Ɗan Auta, zo mu yi gwaji, kada a ce na ƙi ka don tsufa. Maman Zara ta ce takardun sun cinye ta gefe. Ta ba ka shafi ɗaya mai yagewa, ka ba wa basirar taka, ka liƙo mana abin da ta ce ba tare da ka taɓa ba.

Maman Zara: Na tura masa shafi na 63, kusurwar ƙasa ta dama babu ita.

Ɗan Auta: Ya fito. Gaskiya ƙugiyoyi duk sun zauna, har da waɗanda Baba ya manta bai sa ba. Layin ƙarshe: "Da muka ga ruwan ya janye, sai muka tashi da asuba muka kama hanya."

Maman Zara: Tsaya. A takardar layin ya tsaya ne a "sai muka tashi da". Daga nan takarda ta yage. Babu asuba, babu hanya.

Ɗan Auta: Subhanallahi. Na sake duba hoton, haka ne. Ko alama ba ta yi mini ba cewa cikowa ta yi.

Mai Bita: Ba zan ce komai ba.

Ɗan Auta: Ka riga ka ce ai Kawu. Na sake ba ta, wannan karon na ce kada ta ƙara ko harafi, inda ba ta gani ba ta sa ɗigo uku. Ta bi umarni a layin ƙarshen. Amma da na bi shafin da yatsa na ga ta mayar da "shina" zuwa "yana" a wuri biyu. Wato ta gyara wa Baba karin harshensa.

Maman Zara: A'a, wannan kam ban yarda ba. Haka yake magana, haka nake son jikokinsa su ji shi.

Injiniya: To ga shawarar da nake ganin ta haɗa duka. A sake ɗaukar shafukan da kyau. A ciro rubutun ta hanya biyu, ta Drive da ta basirar Ɗan Auta. A Word akwai wurin kwatanta takardu biyu, zai ja layi a duk inda suka saɓa. Inda suka saɓa nan ne za ki fara duba asali. Ba zai kama komai ba, don wani lokacin su biyun sukan yi kuskure iri ɗaya, amma yana rage aiki ƙwarai. Kuma kada ki goge hotunan bayan kin gama. In da mai taimaka miki, akwai OCRmyPDF da ke yin PDF mai hoton shafin a sama da rubutun a ɓoye a ƙarƙashinsa, ana iya neman kalma kuma ana ganin bugun Baba da shuɗin bironsa.

Mai Bita: Bita ta ƙarshe kuma mutum biyu ake yi. Ɗaya ya riƙe takarda yana karantawa a bayyane, ɗaya yana bin allo. Mai takardar ne ke karantawa, ba mai allon ba, don ido yana ganin abin da kunne ya riga ya ji. Shekaru da sunaye da adadi a faɗe su lamba-lamba. Kada ku wuce shafi goma a zama ɗaya, bayan nan ido ya fara yaudara.

Maman Zara: Salamu alaikum, na dawo bayan mako biyu. Ƙanena ya samu sikana, ya yi su a 300 da baƙar takarda a baya kamar yadda Yaya Sakatariya ta ce. Bambancin kamar dare da rana, irin su "rnulki" sun kusa ƙarewa. Ni da Zara muke bitar, ita ke karanta takarda. Mun kama 1968 da ta koma 1963 a duka hanyoyin biyu, saman 8 ɗin ne bai fita ba a bugun. Muna shafi na 112. Kuma a ƙasan akwatin ƙanena ya tarar da kwafin kabon na wasu shafuka, har da na 63. Layin cewa ya yi: "sai muka tashi da dare, don kada yara su ga abin da ya rage na gidan." Kawu, wuraren da suka yage kuma babu kabon ɗinsu, yaya zan nuna su?

Mai Bita: Ki sa ɗigo uku a cikin baka mai kusurwa, ki yi bayani sau ɗaya a farkon littafin cewa alamar tana nufin takarda ta yage a nan. In kina da zaton kalmar, ki sa ta a cikin bakan da alamar tambaya, kada ta fito waje.

Ɗan Auta: Anti turo mini daga 140 zuwa 160 da hotunansu, ni da ƙanwata za mu yi. Ita za ta riƙe takarda.